DAGA RAMIN KAROFI ZUWA TSININ ALLURA: TARIHIN SURFANI A ƘASAR RANO DA KIBIYA

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin ƙasar Kano zai tarar da sunayen sarakuna a jere reras, da yawan shekarun da kowane ya yi bisa gado, da yaƙe-yaƙen da ya gwabza. Abin da ba zai samu ba sai da ƙyar shi ne labarin mutanen da suka ɗinka rigunan da waɗannan sarakuna suka sa ranar naɗi da ranar hawa. Alhali kuwa Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, kuma in aka bi diddigi za a ga cewa auduga da baba da allura su ne suka riƙe tattalin arzikin kudancin Kano shekaru aru-aru.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, a 'yan shekarun nan muna ganin 'yan mata 'yan makaranta da matan aure a Rano da Kibiya suna sha'awar wani irin ɗinkin ado da suke gani a wayoyin hannu, wanda ake yi ta hanyar gicciya zare a kan zare, ana ƙirga gidajen ƙyalle ɗaya bayan ɗaya. Wasu na ce masa ɗinkin gicciye, mu kuwa a nan za mu kira shi ɗinkin ƙirge, domin ƙirga ita ce ginshiƙinsa. Da yawa daga cikin masu fara shi sun ɗauka cewa sun shiga wata sana'a ce ta Turawa wadda ba ta da dangi a ƙasarmu. Manufarmu ita ce mu nuna musu inda suka gaji allura, mu faɗi yadda wannan baƙon ɗinki ya shigo, sannan mu ɗan haska hanya ga mai son farawa. Waiwaye dai adon tafiya ne.

Rano, Sarkin Baba

Kowane ɗan firamare ya san Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma har yau Autan Bawo ake yi wa sarkinta kirari da shi. A cikin labarin Bayajidda, kamar yadda magabata suka riƙa bayar da shi, an raba wa garuruwan nan ayyuka. Katsina da Daura aka ba su kasuwa, Gobir aka ba ta yaƙi, Zazzau aka ba ta bayi, Kano da Rano kuwa aka kira su sarakunan baba. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi, ko ya ɗauke shi a matsayin hikaya, abu guda ya fito fili: waɗanda suka tsara shi sun san Rano ne da rini da tufafi, har suka ga babu wata alama da ta fi dacewa da ita.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Rano tun a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma a zamaninsa ne Wangarawa suka iso Kano daga ƙasar Mali. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka fara a 1804, Sarkin Rano ya kasance cikin manyan sarakunan garuruwa da ke ƙarƙashin Sarkin Kano, tare da na Gaya da Dutse da Ƙaraye. Kibiya kuwa, da garuruwa irin su Tarai da Durba da Fammar, an daɗe ana lissafa su cikin ƙasar Rano kafin Kibiya ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta. Ko da aka sake fasalin masarautun Kano a 2024, Rano da Kibiya da Bunkure aka haɗa a masarauta guda. Saboda haka in muka haɗa su a wannan maƙala, ba mu ƙirƙiro wani sabon zumunci ba.

Ƙasar nan ta fi arewacin Kano samun ruwan sama, kuma auduga da baba suna yi a cikinta. Wannan shi ne tushen komai. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan yadda rini ya bunƙasa a ƙasar Kano cikin ƙarni na 19, kuma bincikensa ya nuna cewa yawancin manyan karofi ba a cikin birni suke ba, suna garuruwan kudu ne irin su Kura da Bunkure da Rano da Dal da Zarewa. Ya kuma nuna dabarar da ta ba marinanmu galaba a kan na sauran ƙasashe. Maimakon rini a cikin tukwane, sai suka riƙa haƙa rami mai zurfi, su shafe shi da laso, wato wani irin siminti da ake haɗawa daga katsin da ya kwanta a gindin ramin baba. Rami ɗaya yana ɗaukar abin da tukwane da yawa ba za su ɗauka ba, don haka kuɗin rini ya sauka, tufafin Kano suka yi araha a kasuwannin nesa. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙarshen ƙarnin akwai marina wajen 50,000 a ƙasar Kano.

Daga Gona Zuwa Wuyan Riga

Kafin allura ta taɓa riga, sai rigar ta bi ta hannun mutane da yawa, kuma yana da kyau mai karatu ya bi wannan layi daki-daki, domin a nan ne zai ga inda mata suka tsaya da inda maza suka tsaya.

Manomi ya noma auduga ya tsince ta da kaka. Daga nan aiki ya koma cikin gida. Mata su ne masu gurza, su fitar da angurya da magurji, su yi shiɓa, sannan su zauna da mazari da alli su yi kaɗi. Zare iri biyu suke fitarwa, akwai siriri mai ƙarfi na tsaye, akwai kuma abawa mai kauri ta gicciye. Babu gidan da ba a jin ƙarar mazari a wancan zamani, tun daga gidan sarki har gidan talaka, kuma da kuɗin kaɗi ne uwa take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Masaƙa maza su sayi zaren, su zauna a masaƙa da ƙoshiya da allera, su saƙa sawaye 'yan sirara masu tsawo. Maɗinka su harhaɗa sawayen nan da hannu su zama riga ko zane ko rawani. Marina su tsoma a baba. Mabuga su shimfiɗa a kan gungume, su zuba shuni, su yi ta bugu har tufa ta ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Irin wannan ne ake kira kore da turkuɗi, kuma shi ne Buzaye suke biɗa ruwa a jallo, musamman rawunan nan da ake kira 'yan Kura.

Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, ya kuma rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, suna kaiwa Tambutu ta yamma, suna kaiwa Barno da Adamawa. Ya ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300 a ƙalla. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne, wannan dukiya ba a manyan masana'antu ake samar da ita ba irin na Turai, a cikin gidaje ake yin ta, kowane iyali yana aikinsa ba tare da ya rabu da gonarsa ba. Ya kuma lissafa kayan da fatake suke shigowa da su ta hamada, kuma biyu daga ciki sun shafe mu kai tsaye. Na farko alharini, wato ragowar siliki daga Turai da ake rinawa ja a kawo ta Tarabulus, raƙuma ɗari uku zuwa huɗu a shekara. Na biyu kuwa allurai ne daga birnin Nuremberg na Jamus. Ashe ke nan tun kafin Turawa su ci ƙasar nan da fiye da shekara hamsin, maɗinkin Rano yana iya riƙe da allurar Jamus da alharinin Tarabulus, yana aiki a kan saƙar Kibiya, ba tare da kowa ya ce aikin ba na Hausa ba ne. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Malam da Allura

Aikin riga, wato adon da ake yi a wuya da aljihu da bayan babbar riga, sana'ar maza ce a wancan lokaci, kuma tana da alaƙa ta ƙut da ƙut da makarantar allo. Mai zana fasalin aikin sau da yawa malami ne wanda hannunsa ya saba da alƙalami da tawada, irin wanda yake zayyanar Alƙur'ani da allon sauka. Shi zai zana a jikin rigar, sannan gardawa da manyan almajirai su karɓa su cike da zare. Da wannan ne almajiri yake ciyar da kansa a lokacin rani ba tare da ya yi bara ba, yana zaune a zaure ko a inuwar durumi, allura a hannu, karatu a baki. Riga guda mai cikakken aiki tana iya cin watanni.

Shugabannin Daular Usmaniyya sun ƙarfafa wannan. A cikin littafin Usulus Siyasa, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'o'in hannu ya zaunar da su a garuruwa. Bugu da ƙari, riga ta zama harshen mulki. Da ita ake naɗa hakimi, da ita ake sallamar baƙo mai daraja, da ita ake kai gaisuwa Sakkwato. Haɗuwar ƙasashe da yawa ƙarƙashin tuta ɗaya ta sa gwanayen ƙasar Nufe suka bazu zuwa arewa, wasu da ƙafarsu, wasu kuma a matsayin bayi, abin da bai kamata mu ɓoye ba in muna son gaskiyar tarihi. Sunayen unguwanni a birnin Kano irin su Tudun Nufawa da Soron Ɗinki shaida ne a kan wannan zamani.

Kowane fasali yana da sunansa. Akwai aska biyu da aska takwas, waɗanda suka samo suna daga dogayen siffofi masu tsini da ke saukowa daga wuya zuwa aljihu. Akwai tambari, wato da'irar nan mai kewaye, akwai gidan biyar, akwai dagi wanda daga baya ya zama tambarin Jihar Arewa. Akwai malum-malum da 'yar Dikwa da girken Nufe. Zaren da aka fi daraja shi ne tsamiya, wato silikin daji da wasu tsutsotsi suke saƙawa a jikin bishiyar tsamiya da ta doka, a dafa gidan nasu da ruwan toka, mata su kaɗa shi kamar auduga. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya tattara da yawa daga cikin waɗannan zane-zane da sunayensu, ya baje kolinsu a Landan a 1976. Abin takaici ne a ce yau sai ɗan Rano ya nemi littafin Bature kafin ya bambance askar rigar kakansa.

Jirgin Ƙasa da Keken Ɗinki

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911. Burinsu shi ne su kwashi audugar Arewa zuwa masaƙun Lankasha, amma da farko abin bai yi musu yadda suke so ba, domin masaƙan gida suna sayen auduga da tsadar da kamfanin Turawa ba zai iya biya ba, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka raja'a a kanta tun daga 1912. Wannan ya nuna mana cewa sana'ar ba ta faɗi rana ɗaya ba, ta yi shekaru tana kokawa.

Abin da ya ci ta a hankali abubuwa ne da suka taru. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ne ya dawo da akoko da alawayyo da zaren inji. Wani kamfanin Jamus ya fara sayar da baban kanti tun 1897, kuma daga baya ya iso karofinmu ya rage darajar baban gona. Keken ɗinki ya shigo ya karɓe harhaɗa riga daga hannun maɗinkan allura. A 1957 masaƙar Kaduna ta fara aiki, wasu suka biyo baya a Kano, yadi ya yi arahar da sawaye ba za su iya gasa da shi ba. Da masaƙi ya naɗe kayansa, sai mai kaɗi ta rasa wanda za ta sayar wa zare, mazari ya koma ƙarƙashin gado.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanta da yankinmu. Saƙa da aikin riga sana'o'in rani ne, ana yin su ne in an kai amfanin gona rumbu. To da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina, sai noman rani ya buɗe a Kura da Bunkure da Kadawa, matasa suka samu aikin tumatir da alkama da shinkafa a daidai watannin da iyayensu suke zama da allura. Wasu kuma kuɗin man fetur ya ja su birni. Ba mu ce wannan sharri ne ba, domin ya kawo abinci da kuɗi, sai dai kowace riba tana da abin da ta ci.

Yadda Allura ta Koma Cikin Gida

A daidai lokacin da maza suke ajiye allura ne mata suka ɗauke ta. Matar da ta rasa kasuwar kaɗi tana bukatar wata sana'a da za ta yi a ɗakinta ba tare da ta fita ba, sai ga ɗinkin hula ya samu. Tsofaffin huluna irin su haɓar kada da dara sun ja baya, hula mai surfani ta mamaye ƙasa, musamman wadda aka sa wa sunan Zanna Bukar Dipcharima, ɗan siyasar Barno da ya yi minista a Jamhuriya ta Farko. Daga nan sunaye suka yi ta fitowa, su ƙube, su damanga, su Bama, har da wadda 'yan birni suka laƙaba wa mu-haɗu-a-banki. A birnin Zariya ma, kamar yadda Elisha Renne ta nuna a bincikenta, mata sun shiga aikin babbar riga kanta tun wajen shekarun 1970, har aka kafa ƙungiyar masu surfani mai sunan Sarauniya Amina a 1994.

Duk wanda ya shiga gidajen Rano ko Rurum ko Tarai da hantsi zai ga yadda abin yake. Dillali ya kawo ƙyallen hula da aka riga aka zana, ya kawo zare, mace ta yi makonni tana cikewa tsakanin girki da raino, ya dawo ya biya ta ladan hannu. Daga nan a kai wa masu wanki da guga su ɗora a kan gungume ta ɗauki siffa, a wuce da ita birni. Kuɗin da ake sayar da hular a can da abin da ya shiga hannun mai ɗinkin, tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ga kuma hulunan inji da ake shigowa da su daga ƙasar Sin, da kekunan surfani masu kwamfuta da suke gama wuyan riga kafin a sauke tukunya. Masaƙar Kaduna da ta kashe sawaye ita ma ta rufe a 2002.

Asalin Ɗinkin Ƙirge da Shigowarsa

Shi ɗinkin ƙirge tsoho ne a duniya, kuma ba na Turawa kaɗai ba ne. Matan Falasɗinu sun shahara da shi a ƙirjin rigunansu, har ana gane ƙauyen mace daga zanen rigarta, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan ɗinki nasu cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye. A birnin Fas na Maroko ma akwai ɗinkin da ake yi da ƙirgar zare. A Turai kuwa, an fara buga littattafan zanen ɗinki a Jamus cikin shekarun 1520, kuma a wani gidan tarihi na Landan akwai ƙyallen gwaji da wata yarinya mai suna Jane Bostocke ta ɗinka ta sa masa shekarar 1598. Irin wannan ƙyalle ne 'yan matansu suke koyon haruffa da lambobi a kansa.

Ta hanyar makaranta ya shigo mana. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina, kuma ɗinki yana cikin manyan darussansu. Amma bai isa ƙauyukanmu sosai ba sai bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, da tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wanda ya ba darasin tattalin gida da aikin hannu muhimmanci a ƙananan sakandare. Cibiyoyin mata da aka buɗe ƙarƙashin shirin Maryam Babangida na kyautata rayuwar matan karkara, daga 1987, su ma sun taimaka. Waɗanda suka yi makaranta a waɗannan shekaru za su tuna yadda ake yanko buhun algarara, a wanke, a ƙirga idanunsa, a cike da zaren ulu mai launi-launi. Za su kuma tuna ɗakin amarya na lokacin, da rigunan matasan kai da zanen gado da labule masu furanni da tsuntsaye, da hankicin da budurwa take ɗinka wa saurayinta da sunansa a kusurwa. Da zannuwan gado na kanti suka cika kasuwar Kwari, sai wannan ma ya ja baya, har 'yan matan yau suka gan shi a waya suka ɗauka sabo ne.

Ga Mai Son Farawa

Ba a bukatar jari mai yawa. Abu na farko shi ne ƙyalle wanda ake iya ƙirga zarensa. Akwai wanda aka saƙa musamman domin wannan aiki, ana kiransa Aida, mai gida 11 ko 14 a kowane inci, kuma mai koyo ya fi jin daɗin mai manyan gidaje. In bai samu ba, buhun algarara mai tsabta ya wadatar, kamar yadda iyayenmu mata suka yi. Sai allura mai faɗin ido wadda ba ta da tsini sosai, domin so ake ta bi ta ramin da ke akwai, kada ta huda zare. Sai zaren surfani, irin su Anchor ko DMC, wanda yake zuwa da sili shida a murɗe. A yanki kamu ɗaya, a zare sili biyu a yi aiki da su, domin dogon zare harɗewa yake yi. In an samu ƙawanyar katako mai ɗaure ƙyalle ya miƙe, to madalla.

Zanen kuwa a littafin lissafi mai gida-gida ake yin sa, kowane gida a takarda yana matsayin gicciye ɗaya a ƙyalle. Lissafin mai sauƙi ne: zanen da ya ci gida 70 a faɗi zai ci inci biyar a ƙyalle mai gida 14. A ninka ƙyallen gida huɗu a gano tsakiyarsa, daga nan ake farawa don kada zane ya karkace gefe guda. Ba a ƙulla zare a baya, sai a bar ɗan wutsiya a danne shi da ɗinkin farko. A jera rabin gicciye daga hagu zuwa dama, a dawo a rufe su daga dama zuwa hagu, kuma a tabbata zaren sama yana kwance ta fuska ɗaya tun daga farko har ƙarshe, domin wannan ne yake bambanta aikin gwani da na ɗan koyo. A yi aiki da hasken rana saboda ido. A fara da ƙaramin abu kamar hankici ko murfin kwano. Sannu ba ta hana zuwa.

Shawararmu mafi girma ita ce a kan abin da za a zana. Ba laifi ba ne a kwaikwayi furen da aka gani a waya, amma aska da dagi da gidan biyar, da zanen faifai da na tabarma da na bangon tsofaffin gidaje, duk siffofi ne masu kusurwa da suke zama daram a takarda mai gida-gida. Yarinyar da ta je wurin kakanta ta ce ya fito mata da tsohuwar rigarsa daga adaka, ta kwafi askar da ke jiki, ta tambayi sunanta ta rubuta a ƙasa, ta yi aiki biyu a zama ɗaya, ta koyi sana'a, ta kuma adana tarihi. Kamar yadda allurar Nuremberg da alharinin Tarabulus ba su hana rigar ƙarni na 19 zama ta Hausa ba, haka ƙyallen Aida ba zai hana aikinta zama namu ba, muddin zanen daga gida ya fito.

Kammalawa

Mun ga yadda ƙasar da aka yi wa laƙabi da sarkin baba ta tufatar da mutane tun daga Barno har Tambutu, da yadda allura ta tashi daga zauren malam ta koma ɗakin mata, da yadda baƙon ɗinki ya shigo ta ƙofar makaranta. Abin da ya rage shi ne aikin da ke kanmu. Tsofaffin da suka san sunan kowane fasali da kowane irin zare suna ƙarewa, kuma duk wanda aka binne an binne shi da abin da ke kansa. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman na Rano da Kibiya da Bunkure, da su ɗauki biro da takarda su zauna da waɗannan dattawa, su rubuta wuraren da karofi suke a da, da zuriyar masaƙa da marina, da sunayen zane-zane. Muna kira ga malaman makarantu da su dawo da darasin aikin hannu da gaske, su daina karɓar tsintsiyar kasuwa ko kuɗi a madadinsa. Mata masu ɗinkin hula kuma su haɗa kai su riƙa sayen zarensu da kansu, su kai kayansu kasuwa ta hannun wanda suka amince da shi, kamar yadda takwarorinsu na Zariya suka gwada. Masarauta da ƙananan hukumomi su ware ko da ɗaki ɗaya ne a ajiye tsofaffin riguna da mazari da ƙoshiya, yadda yaro zai gani da idonsa ba sai ya je Gidan Makama ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka rufa wa duniya asiri da hannuwansu, Ya sa albarka a hannun masu tasowa, amin.